Marsandi a Hanyar Gwaram

Da hantsi na bar Birnin Kudu, Dutsen Habude yana bayana, na nufi Gwaram. Ban yi nisa ba Marsandina ta maƙale a giya ta biyu, fitilar inji ta kama. Bakaniken da aka kirawo ya saurari ƙarar injin, ya sunsuni man giya, ya ce, "Alhaji, wannan sai kwamfuta, kwamfutar kuwa sai Kano."

Golf-golf na haya, maƙare da buhuna, suna ta wuce mu. Su kam ko a gindin bishiya ana gyara su. Muna shigo da motocin ƙasaita, amma ba mu koya wa matasanmu gane ciwonsu ba.

Ranar dai a acaɓa na ƙarasa Gwaram.