Kunya, Kara da Kawaici

Mu Hausawan Dugoi a Marwa, da 'yan'uwanmu na Garwa, da harsuna uku muke rayuwa: Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa a cikin gida. Abin da ke damunmu shi ne yadda 'ya'yanmu suka fara yi wa kalmomi masu kama da juna kuɗin goro.

Mu ɗauki kunya, kara da kawaici. Kunya ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Maƙwabtanmu Fulani na ce mata semteende. Kara kuwa ita ce ka bar wa mutum haƙƙinka don ganin girmansa, kamar ɗan kasuwar da ya sallama wa surukinsa kaya a kan faɗuwa. Kawaici shi ne ka ga abin ɓacin rai, ka kau da kai tamkar ba ka gani ba.

Yaron da kunya kaɗai ya sani zai ɗauki mai kara wawa, mai kawaici matsoraci, in ya girma ya guje su. Don haka duk wadda muka gani a gida, mu kira ta da sunanta a gaban yara.