Allon Da Ba Shi Da Sitiyari: Kwana Huɗu a Tarifa

Daga Tanja jirgin ruwa ya ɗauke mu, cikin kamar awa guda muka sauka Tarifa, a can ƙarshen kudancin Sifaniya. Ruwan da ya raba Afirka da Turai a nan bai wuce kilomita 14 ba inda ya fi tsukewa, in ka waiwaya ga duwatsun Maroko kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Garin ya ci sunan Tarif bin Malik ne, wanda ya tsallako da mutanensa a shekara ta 710, shekara guda kafin Tariƙ bin Ziyad. Tarihin Andalus na zo bi, amma iska ta karkatar da ni bakin teku.

Iska biyu ke mulkin garin, kowace da sunanta. Levante daga gabas take fitowa, ta matsu tsakanin duwatsun gaɓa biyu, ta kufce da ƙarfi har yashi ya riƙa tsirar ƙwauri kamar allura. Poniente kuwa daga Tekun Atilantika take, mai sanyi, ba ta da gaggawa. A ranar Poniente na je gaɓar Valdevaqueros, kusa da wani katafaren tudun yashi, na tarar da mutane tsaye bisa alluna suna yanka ruwa, kowa riƙe da ƙyalle mai kama da fiffiken fara.

Kayan ba su da yawa. Allo ne dogo, da turke a tsakiyarsa mai ɗauke da ƙyallen, da mariƙi da ya zagaye ƙyallen daidai ƙirji. Sirrin yana gindin turken: wata gaɓa ce mai lanƙwasa ta kowace fuska, kamar wuyan hannu. Wasu Amurkawa biyu a Kalifoniya, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, suka nemi rajistar wannan ƙira a 1968, zuwa 1984 wasan ya shiga gasar Olamfik. Na leƙa bayan allon ina neman abin juya shi, ban ga komai ba. Mai kwale-kwale a Yawuri yana da filafili, direba yana da sitiyari. Wannan fa?

Matar da ta koyar da ni ta fara da abu ɗaya: in ba iska baya, kullum. Sannan in durƙusa, in jawo ƙyallen daga ruwa da igiya, da ƙarfin cinya ba na ƙugu ba. Hannun gaba riƙo kawai yake yi. Hannun baya shi ne totur: ka jawo, ƙyalle ya cika, allo ya zabura, ka sassauta, iska ta zube. Duk wanda tsoro ya kama, ƙanƙame mariƙi yake yi da hannu biyu, nan take iska ta fizge shi ta jefa gaba. Sau uku hakan ta same ni kafin hannuna ya yarda cewa saki shi ne mafita.

Juyawar ce ta fi burge ni. A ƙarƙashin allon masu koyo akwai wani falle kamar wuƙa da ke nutse cikin ruwa, shi ke hana allon zamewa gefe. Iska na tura ƙyalle a sama, ruwa na tokare fallen a ƙasa. Ka ɗauka benci ne: in ka tura shi a tsakiya gaba ɗayansa zai matsa, in ka tura kai ɗaya sai ya juya. To in ka kwantar da turken baya, turin iska ya koma bayan fallen, gindin allo ya kauce, hancinsa ya nufi inda iska ke fitowa. In ka miƙa turken gaba, hanci ya bi iska. Ɗan karkatarwa kaɗan ya isa. Na daɗe ina murɗa jiki ina son tilasta wa allon, shi kuwa ko gezau, sai da na daina kallon ƙafafuna na dubi inda nake son zuwa, na kai turken baya a hankali, na ji allon ya amsa a ƙarƙashina. Ban san sa'ad da na yi kabbara ba.

Ba mai iya tunkarar iska kai tsaye, ƙyalle sai ya yi ta kaɗawa allo ya tsaya cik. Wanda zai koma inda iska ke fitowa sai ya bi a karkace, ya juya, ya zagaya ta gaban turke ya kama ɗaya gefen mariƙi, ya sake karkacewa, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Gwanaye kuma wata duniya ce: in gudu ya yi gudu allonsu tashi yake ya riƙa shafar saman ruwa, sun saƙala ƙugiyar ɗamararsu a igiyar mariƙi, nauyin jiki na ɗaukar abin da hannu ba zai iya ba, juyawa kuma da diddige da yatsun ƙafa suke yi.

Rana ta huɗu Levante ta taso. Malamar ta ce masu koyo ba za su shiga ba, na kuwa ga gaskiyarta, domin a wannan gaɓa Levante waje take kora mutum, wanda bai iya komowa ta cikin iska ba sai dai jirgin ceto ya bi shi. Na zauna a gindin tudun yashi, na naɗe fuska da rawani, ina bin wani dattijo mai furfura da ido. Ya yi nisa har ƙyallensa ya zama ɗigo a gaban duwatsun Maroko, sannan ya kwanto ya yi kwana, ya nufo gaɓa ruwa na tsagewa a bayansa.