Sabon Ibadan: Inda giginya ke zuwa a buhu

Idan tafiya ta kai ka Ibadan, ka sauka a shataletalen Mokola ka nufi Sabo, kunnenka zai riga idonka isa gida. Hausa ce ko'ina, daga bakin 'yan canji zuwa teburin masu tsire. Tun 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa, kuma fataucin goro da shanu ne ya raya ta. Yau gida na manne da gida, tsakar gida da yawa ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba.

A wannan yanki kwakwar manja ce ta fi yawa. Giginyar da Bahaushe ya tashi da ita kuwa, a buhu take isowa: muruci a farantin talla, sai mafici da tabarmar kaba daga 'yar'uwarta goriba. Ba ƙasar ce ta ƙi ta ba, domin tana fitowa a dazukan arewacin Jihar Oyo. Wuri ne babu.

Don haka, mai karatu, in kewar gida ta sa ka sha'awar shuka ta, ka fara sanin halinta. Ƙwallon giginya yakan tura tsiro can ƙarƙashin ƙasa kafin ganye ya leƙo, wannan tsiron ne murucin da muke ci. Shi ya sa ba ta son dashe, inda za ta zauna nan ake binne ta. Akwai namiji, akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, kuma ba a bambance su sai sun girma, saboda haka a binne ƙwallo da dama. Takan haura shekara 10 kafin ta haihu, tsayinta ya wuce mita 20, ɗanta guda ya kai kilo. Ka ƙiyasta faɗowarsa kan kwanon rufi ko kan yaro. Ba banza aka yi mata kirari da na nesa ka sha inuwarki ba. Gona ce wurinta, ba lungun Sabo ba.

Abin da ya dace da ƙaramar tsakar gida shi ne 'yar ƙaramar danginta ta ado, mai ganye kamar mafici, wadda masu sayar da furanni ke renonta a leda. Wata ana kiranta Licuala, asalinta tsibiran Vanuatu ne a tekun Fasifik. Inuwa da laima take so, Ibadan kuwa na da su.

Ka samo tukunya mai huda a gindi, ka gauraya ƙasa da yashi da takin da ya ruɓe. Ka ajiye ta inda hantsi zai taɓa ta, rana tsaka ba ta dake ta ba. Ka tsoma yatsa, in saman ƙasar ya bushe sannan ka ba ta ruwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba sama takan ɗauke maka wannan aiki. Da hunturu, a Disamba da Janairu, bakin ganyen kan ƙone, sai ka riƙa yayyafa masa ruwa kana goge ƙura da tsumma. Busasshen ganye kaɗai ake yankewa. Kada wuƙa ta taɓa tsiron tsakiya, shi ne ranta.

Uwargida, abu biyu naki ne. Gindin ganyen na da ƙananan ƙayoyi, a ɗaga tukunyar daga hanyar mai rarrafe. Sannan ruwan da ke kwantawa a farantin da ke ƙarƙashinta gidan sauro ne, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama mai cizo. A zubar kullum, kada ado ya jawo jinya.

In ka ga mai muruci a Sabo, ka saya wa yaran da aka haifa a nan, ka gaya musu daga ina ya fito. Ranar da ka je ganin gida da damina, ka binne ƙwallo biyar a gefen gona. Jikokinka za su sami azara.