Faifan da masu shi suka juya wa baya

A cikin dukan faya-fayan da ƙungiyar makaɗan Ingila, Rolling Stones, ta fitar tun daga 1964, da wuya a sami wanda ya sha zagi kamar wanda ya fito a watan Disamba na 1967, mai suna Their Satanic Majesties Request. Ƴan jarida da dama sun yi masa dariya, su kansu masu shi sun daɗe suna maganarsa da ƙyashi. Keith Richards, mai kaɗa gita, ya sha faɗin cewa shirme ne. To amma in mai kaya ya kushe kayansa, ba dole ne mai saye ya yarda ba kafin ya kwance ƙunshin ya duba.

Sunan kansa yana sa mutum ɗaure fuska, tun da an ambaci Shaiɗan a ciki. Asalinsa ba'a ce. A cikin fasfon Ingila na wancan lokaci akwai kalmomin da ake roƙon hukumomin duniya, da sunan Sarauniya, su bar mai ɗauke da shi ya wuce; su ne samarin suka murɗe. Rashin ladabi ne, ba a kuma yaba shi, sai dai wanda ya san abin da ya shiga tsakaninsu da hukuma a shekarar zai gane inda haushin ya fito.

A watan Fabrairu na 1967 ƴan sanda suka faɗa gidan Richards suna neman ƙwaya. A ƙarshen Yuni alƙali ya yanke wa mawaƙinsu Mick Jagger wata 3, Richards kuwa shekara guda. Ba su daɗe a gidan kaso ba, kuma ranar 31 ga Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Richards, ta sassauta na Jagger. Brian Jones, wanda ya kafa ƙungiyar, shi ma an kama shi a watan Mayu. Ana cikin haka Andrew Oldham, wanda ke kula da ɗaukar waƙoƙinsu tun farko, ya gaji ya tafi abinsa. Tsintsiya ke nan ta rasa maɗauri. Daga Fabrairu zuwa Oktoba suna shiga sutudiyon Olympic na birnin Landan, yau wannan ya zo, gobe wancan yana gaban alƙali, babu mai ce wa wani ya isa haka.

Babban laifin da aka ɗora wa faifan shi ne kwaikwayo. A tsakiyar 1967 Beatles suka fitar da Sgt. Pepper, wanda ya buɗe kasuwar kiɗan da ake kira saikedelik, wato kiɗan da ke kwatanta mafarki da juyewar hankali. Bayan wata shida sai ga Rolling Stones, mutanen da aka sani da kiɗan blues na baƙaƙen Amurka, sun fito da tufafi masu ƙyalƙyali, Jagger da hular boka. Mai hoton da ya ɗauki bangon Beatles, Michael Cooper, shi ya ɗauki nasu. John Lennon ya faɗa a 1970 cewa bin sawunsu aka yi. Zargin yana da tushe. Kuma akwai wuraren da ba su da mai kare su: kashi na biyu na "Sing This All Together" ya haura minti 8 na buge-buge da surutu, "Gomper" kuwa ta fara da daɗi sannan ta ɓace a daji.

Sai dai mai sauraro ya ajiye waɗannan gefe, ya kasa kunne ga "2000 Light Years from Home". Faifan Beatles biki ne, akwai haske da algaita da ƴan kallo. A nan sanyi ne da kaɗaici. Waƙar tana maganar mutumin da ke ratsa sararin samaniya, kullum yana ƙara nisa da gida, kuma ana cewa a gidan kason Brixton Jagger ya tsara kalmominta. Abin da ke ɗauke da ita wata na'ura ce mai suna Mellotron, mai kama da piyano, wadda ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa, yana yin kamar daƙiƙa 8 ya ƙare. Na'ura ce mai gardama, sautinta yakan karkace. Brian Jones ya yi amfani da karkacewar nan har kiɗan ya zama kamar iskar hunturu a cikin kango. Wanda ya saurare ta da dare shi kaɗai zai ji tsoron mutanen da suka leƙa kurkuku suka dawo.

"She's a Rainbow" ta fi kowace suna. Nicky Hopkins ne a kan piyano, yana kaɗawa yana tsayawa kamar yaro mai koyon tafiya, kuma John Paul Jones, wanda daga baya ya shiga Led Zeppelin, shi ya tsara gogen. Kusa da ƙarshe gogen ya fara tsami da gangan, don kada zaƙin ya yi yawa. "Citadel" kuwa gitar Richards ce tsagwaronta, mai kaifi, irin wadda duniya za ta san shi da ita a shekarun da suka biyo. "2000 Man" tana ba da labarin magidancin da ya koma lamba kawai, ƴaƴansa ba su fahimtarsa. Ma'aikacin da aka fi sani da lambar albashinsa bisa ga sunan da ubansa ya raɗa masa ba ya bukatar fassara. Har Bill Wyman, mai gitar bas, wanda ba a saba jin muryarsa ba, ya samu ya rera tasa, "In Another Land", sabili da wata rana ya zo sutudiyo ya tarar manyan ba su zo ba.

Kasuwa ba ta ƙi faifan ba: ya kai matsayi na 3 a Ingila, na 2 a Amurka. Duk da haka masu shi suka koma sana'ar gidansu. Suka ɗauki Jimmy Miller ya riƙe musu aiki, a watan Mayu na 1968 suka fitar da "Jumpin' Jack Flash", a Disamba kuma Beggars Banquet. Kowa ya ce sun dawo hanya, kuma gaskiya ne.

Wanda komawar ba ta yi wa daɗi ba shi ne Brian Jones. A faifan 1967 hannunsa yana ko'ina, daga Mellotron zuwa kayan busa, domin shi mutum ne mai farautar sauti. A sabuwar tafiyar wurinsa ya yi ta ƙanƙancewa, ƙwaya kuma tana cin sa. A 1968 ya tafi Maroko ya naɗi makaɗan ƙauyen Jajuka. A watan Yuni na 1969 ƙungiyar ta rabu da shi, ranar 3 ga Yuli aka tsince shi ya mutu a tafkin wankan gidansa, yana da shekara 27. Sai a rangadinsu na 1989 abokansa suka koma suna kaɗa "2000 Light Years from Home" a gaban jama'a, wani daban ne a kan maɓallan.