Kifin Bakin Tasha a Birnin Kudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Bauchi ya san Birnin Kudu. In an wuce Wudil sai a yi ta tafiya kudu maso gabas har manyan duwatsu su fara bayyana dama da hagu, to, an iso ke nan. Garin yana cikin ƙasar Dutse. A dā yana cikin Jihar Kano, amma da aka kafa Jihar Jigawa a 1991 sai ya koma can. Baƙi sukan zo ganin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Tun shekarun 1950 masana ke zuwa dubansu. Wannan kallon rana ne. Akwai kuma kallon dare, shi ne muke so mu kai masu karatu yau.

Da rana ta faɗi, bakin tasha yakan sake kama. Mai shayi ya jera bencinsa, mai tsire ya hura wuta, mai kifi kuma ya ɗora babban kwanon suya bisa murhu. Tun daga nesa ƙanshin mai da yaji zai tarye ka. A kan tebur akwai faranti, an jera kifi kashi-kashi, ga yankakkiyar albasa, ga yaji cikin gwangwani, ga takardar ƙunshi. Babu ƙofa, babu mai tambayarka ko kai wane ne. Direba da yaron mota, malamin asibiti da ɗan dako, duk benci ɗaya suke zama.

"Sannu da zuwa, Malam. Na nawa za a sa?"

"Sa mini na tsakiya biyu. Amma fa a yi gyara."

"Ai kai na gida ne."

Sai ya ƙara maka ɗan gutsure, ya barbaɗa yaji, ya miƙo da hannu biyu.

Kifin da ke kan farantin nan iri uku ne, kowanne da hanyar da ya biyo. Na fari shi ne na ruwanmu, wato tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ƙananan kawara. In an wuce Birnin Kudu hanya takan rabu, ɗaya ta nufi Ningi, ɗaya ta bi ta Gwaram. A ƙasar Gwaram ne Kogin Bunga ya ratsa. Daga tsaunukan Jos ya taso, can gaba ya zama Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su tafi tare har Tafkin Chadi. Bayan damina, sa'ad da ruwa ya fara ja da baya, masunta sukan sami kifi da yawa a gurabe da fadamu, sai ya yi araha. Da bazara kuwa kogi ya zama yashi, kifinsa ya yi wuya.

Na biyu shi ne banda, kifin da aka ƙyafe da hayaƙi don kada ya lalace a hanya. Shekaru da yawa Baga ta bakin Tafkin Chadi ce uwar wannan ciniki. Tafkin ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, rikicin da ya auka wa Baga a 2015 kuma ya tarwatsa masunta da fatake masu yawa. Na uku shi ne kifin ƙanƙara, wanda ake kira taitus. Daga tekun ƙasashen Turai jirgin ruwa ke kawo shi Ikko, mota mai sanyi ta hauro da shi arewa. Abin mamaki, a dā sau da yawa wannan da ya ƙetare teku yakan fi na koginmu sauƙin kuɗi.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da dabararsa. Kai da wutsiya sun fi tsakiya araha, kan tarwaɗa kuwa akwai abin ci a cikinsa ga mai haƙuri. Ƙananan kifin da aka soya ƙayau ana cinye su har ƙashi, ba abin zubarwa. A haɗa da burodi, ko soyayyen dankali, ko a jiƙa garin rogo, ciki ya cika. Sai dai a lura da abu biyu. A dubi man suya, in ya yi baƙi ƙirin, a wuce gaba. A kuma nemi wanda aka tsame daga wuta a gaban idonka, gama kifin da ya kwana, ƙuda ya sha zama a kansa, araharsa takan ƙare a asibiti.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan wuri ba. A ƙasar Japan, wadda teku ya kewaye ta, akwai ƙananan shaguna da suke kira izakaya. Ma'aikata sukan biya can in sun tashi daga aiki, a kawo musu kifi gasasshe ko ɗanye a ƙananan kwanoni, kowa ya sa hannu a na kowa. Su da giyar shinkafa suke haɗawa. Mu a nan ruwa da shayi sun ishe mu, mun kuwa gode wa Allah, don kuɗin da giya za ta ci ya isa sayen kifin gida guda.

To, ga abin da ya sa muka kawo wannan zance cikin jaridar iyali. In ka dubi bencin nan da kyau, maza ne zalla a kai. Yawancinsu matafiya ne, ba su da laifi, gida ya yi musu nisa. Amma akwai magidanta waɗanda gidansu bai fi tafiyar minti biyar ba. Kowane dare sukan zauna su ci kifi, su sha shayi da madara, su share baki, su shiga gida hannu rabbana. A ciki kuwa uwargida da yara sun ci tuwon dawa da miyar kuka wadda rabonta da nama ko kifi tun Kirsimati. Mu da muke tsayawa gaban allo kowace safiya mun san 'ya'yan irin wannan gida. Su ne masu gyangyaɗi tun kafin tara, gashinsu ya yi ja-ja, jikinsu ba ya ƙaruwa. Yaro mai girma da mace mai ciki ko mai goyo sun fi ƙato bukatar abinci mai gina jiki. Kuɗin da mutum ɗaya ke kashewa a dare guda, in aka sayi banda da shi aka marmasa cikin miya, mutum shida za su ɗanɗana.

Mu tuna da Ubangijinmu Yesu. A cikin Yohanna sura 21, almajirai sun kwana suna fama a Tekun Tibariya ba su kama kome ba. Da gari ya waye suka tarar ya riga ya hura gawayi a bakin gaɓa, ga kifi a kai, ga gurasa. Bai ci shi kaɗai ba, ya kira su, ya ba su da hannunsa. A sura 6 kuma, gurasa biyar da kifi biyu na wani ɗan yaro ne suka ƙosar da mutum dubu biyar, don an sa su a hannun mai rabawa. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da kakkausar murya a kan mutumin da ba ya kula da mutanen gidansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in hanya ta kawo ku Birnin Kudu, ku hau dutse ku ga zanen shanu, da yamma ku sauka bakin tasha ku ci kifi da zafinsa. Mai kifi sana'arsa halal ce, yana kuwa ciyar da nasa iyali da ita. Amma kafin ku tashi daga benci ku ce masa, "Mai kifi, ƙunsa mini na yara." Takarda ba ta da tsada, mai mota kuma ba zai karɓi kuɗin kaya a kanta ba.

Allah ya ba mu abin da za mu ci, ya ba mu zuciyar ci tare.