Kakar Rabon Kyaututtuka: Su Wa Suka Ga Namu Gwanaye?

Daga ƙarshen ɗari zuwa tsakiyar bazara, masu sana'ar fim na duniya kan shiga kakarsu. A Amurka a raba Oskar, cikin watan Mayu a hallara birnin Kan na Faransa, a Wagadugu kuwa, shekara bibbiyu, a buɗe bikin FESPACO. Mu masu sha'awar kallo da ke zaune Illela, a da sai an watse rediyo ke ba mu labari. Yau wayar hannu ke kawo mana komai, har launin rigar da tauraruwa ta sa. Ina cikin masu bin wannan hidima, domin yabon gwani ya zama dole. Sai dai kowace shekara, in tafi ya lafa, tambaya ɗaya ke tsaya mini a rai: su wa suka ga fim ɗin da aka yaba?

Ni da tsarana mun buɗe ido da kallo iri uku. Akwai Tele Sahel, wadda unguwa guda kan taru gaban akwati ɗaya saboda ita. Akwai finafinan Indiya da na Sin a gidajen bidiyo. Sa'annan ga kasakasan Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, suna ƙetaro iyaka daga Illelar Nijeriya zuwa Ƙwanni, har waƙoƙin Sangaya suka shiga gidajen biki. Duk mun so su, har gobe muna son su. Abin da bai zo gabanmu ba shi ne aikin ƴan ƙasarmu.

Ga shi kuwa, ran da aka fara bayar da babbar kyautar FESPACO, wato Ingarman Yennenga, a 1972, ɗan Nijar ne ya karɓa: Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Tun 1969 an riga an nuna Cabascabo a Kan, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indoshin, abokai suka cinye masa kuɗi suka watse. Ganda kansa ya yi wannan yaƙi. Ya rasu a 1981. Akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, akwai kuma kyauta mai sunansa a FESPACO. Na sha tambayar ɗalibaina ko sun san shi. Wasu sun ji sunan ginin, amma ban sami wanda ya ga fim ɗinsa ko ɗaya ba.

Mustafa Alasan ya fi kusa da mu, tunda a Tawa ya zauna yana aikinsa, kafin rasuwarsa a 2015. Yana cikin waɗanda suka fara yin fim na zane mai motsi a Afirka ta Yamma. A Bon voyage Sim ya mai da shugabanni kwaɗi, ya yi wa bukukuwan mulki ba'a. Shi ne kuma ya ɗauki hoton Albarka, mashahurin mai tatsuniya na Tawa, yana ba da labari da Hausa. Amma wanda na fi ƙauna shi ne Le Retour d'un aventurier, na 1966. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka yar da sunayensu na yanka, suka ɗauki na Turawa, suka hau dawaki suna ta da hankalin ƙauye. Wasa ya zama gaske, har aka yi asarar rai. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da wani ɗan Nijar ya zauna ya yi tunani a kan abin da kallo ke yi wa mai kallo. Gardamar da muke yi a yau, cewa finafinan Kano sun kwaikwayi Indiya, ko waya ta ɓata tarbiyya, ya riga mu yin ta, cikin raha, ba tare da wa'azi ba. Wane darasi ne zai fi wannan shiga kunnen yaro ɗan shekara goma sha biyar?

Haka ma Sarraounia na Med Hondo, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani, ya kuma ci Ingarman Yennenga a 1987. Rundunar Bule da Shanuwan da Sarauniya Mangu ta tara a Lugu a 1899, ita ce ta ƙone Birnin Ƙwanni a shekarar nan. Labarin kakanninmu ne, ya sha tafi a Wagadugu, jikoki kuwa ba su gan shi ba.

Kada a ce zance ne na da. A 2016 fim ɗin Aisha Maki, L'Arbre sans fruit, a kan wahalar matar da ba ta haihu ba, ya ci kyautar AMAA ta Afirka. Zin'naariyâ na Rahamatu Keita shi ne fim na farko da Nijar ta aika takarar Oskar, a 2018. Nijeriya ma ta aika Mai Martaba, fim na Hausa, a 2024. Gwanaye ba su ƙare ba.

Ban raina kyauta ba. Ita ke sa masu kuɗi su amince da mai fim, ita ke sa a adana aikinsa kada ya lalace. Amma alƙalai ƴan ƙalilan ne ke bayar da ita, a ɗakin da jama'armu ba sa ciki. Fim kuwa tamkar tatsuniya ne: bai cika ba sai ya sami masu zama su saurara.

A nan ne aiki ya rataya a wuyanmu, ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba: farin bango, majigi, wutar hasken rana, da izinin masu haƙƙin fim. In matsalar harshe ce, ai mun ga yadda jaruman Indiya suka koma jin Hausa ta hanyar fassara, har tsofaffi na bin labarinsu. Me zai hana Cabascabo ya yi Hausa, musamman tunda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa? Kafin a kai ga haka, malami ɗaya na iya tsayawa gefen bango yana fassarawa, in an gama a buɗe tattaunawa.

Dare ɗaya a wata ya isa a fara, a Illela, a Malbaza, a Ƙwanni. Mun daɗe muna gaya wa yara cewa ƙasarsu ta taɓa cin ingarma. Lokaci ya yi da za mu nuna masu, tunda gani ya kori ji.