In ba ka iya ba, da wa zan yi?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san wasan dara? Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan kara, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku, sai ya ci ɗaya na abokinsa.

Nan Icirnawa wani tsoho ya koya mini dara, a gindin tsamiya. Ran nan na ce masa: "Baba, don me kake nuna mini dabarunka? Ai gobe sai in cinye ka." Ya yi dariya, ya ce: "Yaro, in ba ka iya ba, da wa zan yi?"

Bara ɗana ya komo daga Damagaram da salula. Kullum bayan isha'i yana fada da abokansa, ana dafa shayi, kowa ya duƙa bisa wayarsa. Raina ya ɓaci. Wani dare na tafi in kore shi gida. Sai ya ce: "Baba, zauna ka gani tukuna."

Sunan wasan Free Fire. A 2017 ya fito. Mutum 50 ke sauka kan wani tsibiri, su yi ƙungiya huɗu-huɗu, ana yaƙin ƙarya. Intanet ce ke haɗa su. Cikin ƙungiyar ɗana, ɗaya yana Maradi, ɗaya yana Kano. Bai taɓa ganinsu ido da ido ba.

Ina kallo, aka harbi na Kano, ya faɗi. Ɗana ya ruga ya tada shi. Can kuma wani sabon shiga ya ruɗe. Suka bi shi sannu, suna gwada masa inda zai taɓa.

Na ce: "Kai, me ya haɗa ka da su?"

Ya ce: "Baba, in ya mutu, ƙarfinmu ya ragu. Gobe ni zan faɗi, shi zai tada ni. Ni ma haka aka koya mini."

Na yi shiru. Ashe gayya ce. Yau a nome gonarka, gobe a nome tawa. Ashe maganar tsohon nan ce ta komo mini cikin waya.

Ban ce wasan ba shi da aibi ba. Yana cin kuɗi, yana cin barci. Mun yi sharaɗi da yaron: salla da gona tukuna.

Amma ni na ji kunya. A ajinmu na yaƙi da jahilci, na kan rufe littafina da hannu, kada na kusa da ni ya gani. In harafi ya gagare ni kuma, ba na tambaya.

Yanzu na daina. Kai fa? In ka gane ɓ da ɗ, gwada wa na kusa da kai. Gobe shi zai fid da kai a lissafi.